Ranar da Mata Ba Su Je Rijiya Ba

Daga Zara'u, Garin Amani, zuwa ga ƙanenta Maharazu a Tasawa. Da hannun Liman Mamudu. Juma'a, tara ga Rajab, shekara ta 1302.

Da sunan Allah. Gaisuwa mai yawa, da tambayar lafiyarka da ta mutanen gidan da ka sauka. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ƙarancin ruwa. Ƙaramar ɗiyata Jummai ta fitar da haƙori biyu, maigida kuma ya warke daga ciwon idon nan.

Labari ya iso mana cewa alƙalin Tasawa ya ɗauke ka kana rubuta masa shari'a. To, Auta, Allah shi sa albarka. Shekara tara kana Damagaram kana karatu, ga shi yau an ga amfani. Ni da na goye ka ina surfe, yanzu in na kawo ƙara sai in durƙusa gabanka ke nan?

Ga ƙullin gari nan tare da takarda. Sabuwar sussuka ce, ta jiya. Tun ranar Laraba maigida ya ce a buɗe babban rumbu a sauke dami goma sha biyu, in kira mata gayya da sassafe. Na ce ba biki ba suna, me za mu yi da tsaba haka? Ya ce in yi abin da ya ce. Na bi gida gida, ba wadda na bari, har uwar Manzo, tsohuwar nan da ke dogara sanda. Turmi tara muka jera. Muna cikin haka aka ce an yi hayaniya a rijiya da Bilal, Buzun nan mai raƙuma, wai ya ji ciwo. Ban gani ba, ba macen da ta gani. Ka dai san halinsa. Raƙumi talatin yake korowa kan rijiyar da mu sai mun zauna mun jira ta tara, ya bar mana taɓo, in an yi magana ya ce kakansa da kakanninmu suka gina ta.

Ka riƙa cin abinci. An ce ka rame kamar kara. Wassalam.

Daga Maharazu, Tasawa, zuwa ga yayarsa Zara'u. Laraba, sha huɗu ga Rajab.

Bayan gaisuwa da girmamawa, Yaya, takardarki ta same ni ranar Lahadi, garin ma ya iso, Allah shi saka. Ina lafiya. Ban rame kamar yadda aka gaya miki ba. A gaishe da mijinki Namadi, a shafa mini kan Jummai. Liman, ina roƙonka ka karanta mata wannan ita kaɗai.

Yaya, ba ciwo kawai Bilal ya ji ba. Ya rasu ranar Lahadi, sha ɗaya ga wata, a zangonsu. Jiya Talata wansa Tanna ya kawo ƙara, ni na rubuta ta. Ya zo da maza biyu da suka ji Bilal, yana cikin hankalinsa, ya ce: jinina yana wuyan Manzo. Ya kuma ce akwai wasu a bayansa, amma bai ga fuskokinsu ba. Raunin yana ƙeya.

Zan faɗa miki yadda shari'a take, don kada wani ya ruɗe ki. Na sake duba littattafaina sau biyu kafin in rubuta.

In mutum ya faɗi wanda ya kashe shi kafin ya cika, maganar ba ta isa hukunci ita kaɗai. Sai danginsa maza sun yi rantsuwa hamsin a kanta. Rantsuwar nan mutum ɗaya kawai take kashewa, wanda suka rantse a kansa.

Amma in ya tabbata cewa mutane sun zauna sun haɗa baki tun kafin ranar, ta hanyar shaidu ko ta bakin ɗayansu, to magana ta sake. Duk wanda ya yarda da shirin, ya kuma halarci wurin, ana kashe shi tare da mai dukan. Ko bai ɗaga hannu ba. Ko a bakin hanya kawai ya tsaya yana tsaro, muddin in an kira shi zai taimaka. Wanda ya taimaka daga nesa bai halarta ba, ba a kashe shi, amma akwai bulala da ɗauri gwargwadon yadda alƙali ya gani. Na tambayi malaminmu wannan tun ina Damagaram, na ce yaya za a kashe biyar saboda ɗaya. Ya ce in ba haka ba, duk mai son kisa sai ya nemi abokai.

Saboda haka ki amsa mini waɗannan, ɗaya bayan ɗaya, kada ki haɗa su. Ina Namadi yake ranar Alhamis daga fitowar rana zuwa hantsi? Wa ya gan shi a can? An yi wani zama na maza a cikin kwanakin da suka gabata? Na huɗu, ban so in rubuta ta ba. Na girma a garin nan, ban taɓa ganin safiyar bazara da bakin rijiya ba mace ko ɗaya ba. Gidanku dami ɗaya yana kai ku kwana uku. Don me goma sha biyu, kuma don me Alhamis?

Mai yiwuwa akwai dalili mai sauƙi da ban sani ba. Ki faɗa mini shi, zan karɓa. Wassalam.

Daga Zara'u zuwa ga Maharazu. Da hannun Liman Mamudu. Litinin, sha tara ga Rajab.

Gaisuwa. Muna lafiya.

Auta, ka yi karatu amma ka manta garinku. Takarda ta fito daga gidan alƙali ka ce a karanta wa mace ita kaɗai? Liman ya karanta ta a zauren maigari, maza cike, ni ina bayan danga ina ji. Sau biyu ya karanta. Wurin da ka ce rantsuwa mutum ɗaya take kashewa, sau uku suka sa ya maimaita. Suka zauna har azahar. Sun ce a yi maka godiya, da ba su san bakin zaren ba.

Manzo zai tafi da ƙafarsa kafin a aiko dogarai. Zai ce faɗa ne ya kaure tsakaninsu kan komin shayarwa, shi kaɗai, ba kowa. Tunda shi aka ambata, ko ya ya faɗa ba zai kuɓuta ba, haka suka fahimta daga takardarka. Sauran sun dafa masa Alƙur'ani za su nome gonarsa, su riƙe tsohuwarsa da matarsa Furera da ɗiyansa uku har su girma.

Tambayoyinka huɗu ka ajiye su. Ba a gaban alƙali nake ba.

Abu ɗaya nake so. Takardata ta farko, mai maganar sussuka, kada ta kwana a gidan da kake. Kada ka ƙona, akwai sunan Allah a samanta. Ka wanke ta a ƙoƙo kamar rubutun sha, ka shanye. Ban taɓa roƙonka komai ba tun ranar da Inna ta rasu ta bar mini kai kana rarrafe. Ina da ɗiya huɗu, Auta. Ka sha. Wassalam.

Daga Maharazu zuwa ga Zara'u. Litinin, uku ga Sha'aban.

Bayan gaisuwa, Yaya, ina fatan kuna lafiya. Liman, na san kai ke riƙe da wannan, na kuma san inda za ka karanta ta. Karanta, ba abin da ba su sani ba a ciki.

An yi zaman shari'a ranar Litinin, ashirin da shida ga Rajab. Manzo ya faɗi abin da aka shirya, bai ƙara ba bai rage ba. Alƙali ya tambaye shi sau uku ko akwai wani tare da shi, sau uku ya ce babu. Tanna ya miƙe ya ce, Allah shi gafarta Malam, shekara ashirin muna shayarwa a rijiyar nan, ba mu taɓa sauke guga ba tare da mata sun zage mu ba. Ina matan suke rannan? Maigarinku ya ce an yi gayyar sussuka ne, abin da aka saba. Alƙali ya ce, a gidan wa? Aka ce gidan Namadi. Ya ce, an daɗe da sa ranar? Maigari ya ce tun watan jiya, Liman ma ya tabbatar.

Ina zaune ƙasa kusa da buzun alƙali, alƙalami a hannuna. Na san tun ranar Laraba ne, kwana ɗaya kafin abin, na san wanda ya ce a yi, na san ke kanki kin tambayi dalili ba a ba ki ba. Takarda ba shaida ba ce a sha'anin jini, wannan na sani. Amma da na ajiye ta gabansa, da ya aika an kira mata ɗaya bayan ɗaya, kuma mata goma sha wani abu ba sa riƙe magana ɗaya. Sai dai babu takardar. Na wanke ta da safiyar ranar, kafin in fito. Tawadar Liman ƙaro ya yi mata yawa, sai da na cuɗa da yatsa. Na shanye, na binne farar takardar a gindin garu.

Alƙali ya juyo ya ce, Malam Maharazu, ba garinku ba ne? Na ce garinmu ne, amma shekara tara rabona da shi. Wannan gaskiya ne, shi ya sa na zaɓe ta. Ya ce rubuta: ba a tabbatar da haɗa baki ba. Na rubuta.

Ranar Juma'a bayan la'asar Tanna da ɗan baffansa suka yi rantsuwar a masallaci, ashirin da biyar kowane. Ni na ƙirga musu da tsakuwa. An roƙi Tanna ya yafe, ya ƙi. Jiya Lahadi aka zartar da hukuncin, aka kashe Manzo.

Ranar Asabar aka aike ni gidan yari in karanta wa Manzo hukuncin. Da na gama ya dube ni ya ce, kai ne Autan Zara'u? Na ce ni ne. Ya ce, ka yi tsawo. Ni na koya maka ɗaure guga, ka jefa mana wasaki biyu a rijiya, ka tuna? Na ce na tuna. Ya ce, takardarka ta yi daɗin ji, ko jahili ya gane. Ban san ko godiya ce ko zagi ba, fuskarsa ba ta nuna ba. Sai ya ce a gaya wa Furera irin da ke cikin ƙaramin rumbu na shuka ne, kada a ci, kuma akuyar nan mai baƙin kunne ta kusa haihuwa. Ku isar mata.

Ina ta gaya wa kaina cewa shi ya yi dukan, hukuncinsa daidai ne ko da an kama sauran ko ba a kama ba. Ta wannan fuska ba a zalunce shi ba. Da wannan nake tashi, da shi nake zuwa aiki. Wassalam.

Daga Zara'u zuwa ga Maharazu. Da hannun Malam Mumuni, baƙo mai sayar da takarda. Asabar, ashirin da huɗu ga Rajab.

Auta, wannan ba hannun Liman ba ne. Wani malami ne matafiyi ya sauka gindin gawon bayan gari, na same shi da na fita itace. Ya ce jibi zai shiga Tasawa. Na sa ya rantse ba zai ba kowa ita ba sai kai.

Waccan takardar da na aiko maka, Liman yana rubutawa maigida yana tsaye a kaina. Ka bar ta. Wannan ce tawa.

Kada ka wanke ta farkon. In ka riga ka wanke, ka kai wannan gaban alƙali.

Su biyar ne. Sun zauna ranar Talata a gonar maigari bayan la'asar. Da aka ce in tara mata ban san kisa ba ne, amma na san ba tsaba ake so ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Manzo ya tafi, shi ya sha gaban Bilal ya riƙe masa igiya yana yi masa magana, shi ya sa shi kaɗai ya gani. Bai dake shi ba. Wanda ya zagayo ta baya da ƙotar gatari, shekara goma sha huɗu ina gidansa ban taɓa kiran sunansa ba. Yau na ce malamin nan ya rubuta. Namadi. Ni na wanke rigar. Shekaranjiya ya faɗa mini da bakinsa, yana cin tuwo.

Manzo ya fita jiya da goran ruwa da sanda. Furera ta raka shi har bakin gari, ta dawo ta shigo gidana ta ɗauki taɓarya ta taya ni daka, don an gaya mata mu ne za mu riƙe ta. Ta ce Allah shi saka mana. Tsohuwarsa ta aiko mini da kuka da daddawa. Auta, na ɗauka zan iya. Na kasa.

Ban san abin da littafinka zai yi da ni ba, ko da uban ɗiyana. Kai ka sani. Amma kada a kashe Manzo shi kaɗai a kan dukan da bai yi ba, ina kallon ɗiyansa suna wasa da nawa. Ka yi sauri.

Daga Maharazu zuwa ga Zara'u. Laraba, sha biyu ga Sha'aban.

Bayan gaisuwa, Yaya, ina fatan wannan ta same ki da ƙarfin zuciya. Ni lafiyar jiki akwai.

Takardarki ta ashirin da huɗu ga Rajab ta iso hannuna jiya Talata da hantsi. Kwana goma sha bakwai ta yi a tafiyar kwana biyu. Malam Mumuni bai ci amana ba. Kurkunu ya fito masa a ƙafa biyu a wani ƙauye rabin hanya, ya kwanta, kuma saboda rantsuwar da kika sa shi ya ƙi ba kowa ya kawo. A kan jaki aka shigo da shi. Da ya iso ranar da ya ce, da ta same ni ran Litinin ɗin da aka yi zaman. Ban san ko da ta riga ƙoƙon ba. Na yi ta auna wannan, na bari, don ba ya canza komai. Ta zo kwana tara bayan an binne Manzo.

Kin riga kin ji takardata ta uku ga wata, kin san na sha. Yanzu na gane abin da ya sa ba ki amsa ba. Kin ɗauka na karanta taki na yi shiru.

Na sake neman abin da zan riƙe a littafi. Manzo ya yarda da shirin, ya halarta, ya riƙe igiya. A hukuncin masu haɗa baki, da an kama su duka, shi ma da ba zai kuɓuta ba. Haka yake a rubuce. Amma ba a kan wannan aka kashe shi ba. An kashe shi a kan cewa shi ya yi duka, shi kaɗai, kuma hannuna ne ya rubuta. Tanna ya yi rantsuwa ashirin da biyar a ɗakin Allah a kan abin da ba haka yake ba, ni ina ƙirga masa.

Na kai takardarki gaban alƙali. Ga abin da zai biyo baya, daidai yadda na sani. Shaidar mace ba ta kashe mutum a sha'anin jini, takarda ma haka. Ba za a kashe Namadi da maganarki ba, sai in shi ya amsa da bakinsa, ko maza biyu adilai sun shaida. Za a tambayi sauran mazan ɗaya ɗaya, a ɗakuna daban, ba a zaure ba. Ke ba ki halarta ba, ba kisa a kanki. Abin da ya rage yana hannun alƙali, na kuma gaya masa ke kika aiko da kanki ba wanda ya tilasta ki. Ki faɗi abin da kika gani da wanda kika ji, ki rarrabe su. Ki kai Jummai da sauran gidan Gwaggo kafin ki fito.

Na gaya masa nawa ma: takardar da na rubuta da ta koya musu abin da za su faɗa, da wadda na sha, da amsar da na ba shi. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, su biyar, da liman, da maigari, kai ne na nawa? Na ce na takwas. Ya miƙo hannu ya karɓi alƙalamin da kurtun tawada. Wannan da aro nake rubuta ta, a zauren gidan yari, inda ya ce in zauna har a zo da ku.

Na so in aiko miki tun jiya, kafin in shiga wurinsa, ki sami kwana ɗaya ki shirya. Na ga in na yi haka Namadi ma ya sami kwana ɗaya. Saboda haka sai da na kai sannan na rubuta. Mai karanta miki wannan mataimakin alƙali ne. Mutanen da ke tsaye a ƙofar gida dogarai ne.

Kafin ki fito ki shiga wurin Furera. Kada ta ji daga bakin wani.